Shekarar da Na Karɓo Fanna

Na sha jin yadda kuke ba da labarin nan a tsakaninku, musamman ku ƙanana da ba a haife ku ba lokacin da abin ya faru. Wasunku suna cewa Goggo Yagana ta bautar da yayarku Fanna, ni kuma na je na ceto ta. Wasu, waɗanda suka fi zuwa tsohon gidanmu na Fagge, suna cewa na yi wa matar da ta raine ni butulci da na ga na samu. Duka biyun ba haka aka yi ba. Goggo ta riga mu gidan gaskiya, ba ta da bakin da za ta kare kanta, don haka ni da na rage ya kamata in faɗi yadda abin ya kasance. Ba so nake a wanke ni ba. Na yi shekara arba'in ina sayar da kaya a kasuwar Singa, na san kayan da aka cika yabo shi mai saye ya fi zargi.

Mahaifinmu daga ƙasar Barno ya zo da fataucin fata. Ya sauka a Fagge kusa da tashar jirgi saboda nan ake lodi, bai sake komawa ba. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara huɗu, yayata Yagana tana da goma sha uku. Ita ta goye ni, ita ta yi mini wanka, ita ta dake ni duk lokacin da na cancanci duka. Da ta auri Malam Bukar, mai gadin sito a tasha, da ni ta tare. Katan biyu na sabulu da na fara kasawa a bakin Kasuwar Sabon Gari, 'yan kunnenta ta sayar ta saya mini. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan haka ba.

Saboda haka da aka haifi Fanna babu wanda ya zauna shawara. Ranar yaye aka kai ta gidan Goggo kamar yadda ake yi, sai dai ba a dawo da ita ba, kuma babu wanda ya yi tsammanin za a dawo da ita. Ku na yanzu kuna ɗaukar 'ya'yanku na fari a kafaɗa kuna ɗaukar hoto, ba ku san nauyin da muka taso a cikinsa ba. A wajenmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ka kau da kai wani ya ɗaga shi. A takarda ina iya rubuta sunanta, amma a baki “yarinyar nan” nake cewa, ko “'yar Yaya”. Mahaifiyarku ma ta fi ni kunya. In an kawo Fanna gaisuwar sallah, ɗaki take shigewa, ta aiko mata da abinci ta hannun wani. Da lokacin makaranta ya yi, Malam Bukar ne ya kai ta, aka tambaye shi sunan uba ya ba da nasa, aka rubuta Fanna Bukar. Na ji labari, na ga hakan ma ya fi kyau.

A shekarun nan kasuwa ta buɗe mini. Na bar kasa kaya, na kama shago a Singa, na zama dila na sukari da fulawa da sabulu. Na gina gidan da kuka taso a ciki, can gefen Fagge ta ɓangaren Sabon Gari. Aka haifi Kabiru, shekara biyu bayan Fanna, sannan Hadiza. Mahaifiyarku ta yi firamare kafin aure, tana karatu da rubutu, kuma mace ce mai tsari. Ita ta sa na sa kafinta ya yi teburin nan na falo. Da an dawo daga Islamiyya an yi magariba, kowa ya zauna a kansa da jakarsa, ita tana gefe tana tsinke zogale ko ninke kaya tana tambaya, me aka ba ku yau, nuna mini, wannan jan biron na mene ne. In an ɗauke wuta akwai janareta. Ni ban ɗauki wannan a matsayin wani abu ba. A ganina zaman gida ne kawai.

Gidan Goggo kuwa daban ne. Malam Bukar ƙafa ta matsa masa ya bar aiki. Ƙaninsa ya rasu, matar da 'ya'yanta suka dawo gidan. Baki goma sha biyu ne a ɗaki uku, kuma tukunyar Goggo ce take ciyar da su duka. Burabusko da miyar taushe take dafawa tana sayar wa leburori da direbobi a bakin tasha da sassafe. Ni kuma duk wata sai na aika da shinkafa da mai da sukari da sabulu. Makaranta ɗaya na sa aka kai su, Fanna da Kabiru. Yadin da aka yanka wa Kabiru na makaranta shi aka yanka mata, takalmin da aka saya masa irinsa aka saya mata. In da za a tashe ni daga barci a tambaye ni, da na rantse na yi adalci tsakanin 'ya'yana. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in karɓi takardar sakamakonta in duba. Kunya ta hana, kuma kunyar ta yi mini daɗi, don ta rage mini aiki.

Wadda ta tona mini wannan malamarsu ce, Malama Saratu. Bazazzagiya ce, Kirista, tana zaune a Sabon Gari. Mijinta yana da ɗan kanti, ita take zuwa saro masa kaya wajena duk Asabar. Ni na san ta ne a matsayin malamar ajin Kabiru, aji shida, kuma mun saba tsokanar juna. Takan ce ni Bakano ne in zan sayar, Babarbare in zan yi fushi. Ni kuma in ce Bazazzagi ko allura zai saya sai ya nemi gyara. Wata Asabar an gama ɗaure mata kaya ba ta tafi ba. Ta zauna a kan buhun sukari ta ce akwai wata yarinya a ajinta, Fanna Bukar, ta lura in an fita tara tare suke cin abinci da Kabiru, ta tambaye shi ya ce yayarsa ce. Ta ce wace irin yaya?

Maƙwabtana na shago suna zaune, 'yan dako suna tsaye. Ban ma san ajinsu ɗaya ba sai a lokacin. Bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa.

“'Yar yayata ce.”

“Uban nata yana raye?”

“Yana nan.”

“Yana da hali?”

“Ba laifi.”

“To in kuna haɗuwa, Alhaji, ka gaya masa na daɗe ina koyarwa, ban taɓa ganin kai irin na yarinyar nan a lissafi ba. In na faɗi lamba, kafin in juya ga allo ta ba ni amsa. Amma in na rubuta tambayar a takarda ba za ta iya karanta ta ba. Darasin Turanci shi ne na farko da safe, ita kuwa kullum sai an gama shi take shigowa, kuma tana zama barci ya kwashe ta. Sau biyu tana maimaita aji. Bana ne na ƙarshe. In ta faɗi jarrabawar shiga sakandare, hedimasta ba zai sake ba ta kujera ba.”

Na ce zan gaya masa. Ta miƙe ta gyara ɗankwalinta, har ta kai bakin shago ta juyo.

“Ka ce masa ba kuɗi ne ya gagare shi ba, wannan ana biya tun kafin a tambaya. Zuwa ne bai taɓa yi ba.”

Har yau ban sani ba ko ta san wanda take yi wa magana. Na fi zaton ta sani, don Fanna fuskata ta ɗauko ba ta rage komai ba.

Ranar Litinin daga masallacin asuba na wuce tasha maimakon gida. Na tsaya a bayan wata motar kaya inda nake hango rumfar Goggo. Abin da na gani zan faɗa muku, ba ƙari. Fanna tana sanye da kayan makaranta, ta ɗaura zani a kai don kada su ɓaci. Ita take zubawa, ita take miƙawa, ita take kwashe kwanuka. Maza wajen talatin ne a kan benci, wannan ya ce a ƙara miya, wancan ya ce jiya ya bar canji, ba ta rubuta komai, kuma babu wanda ya iya yi mata gardama. Leburori suna kiranta Akawu. Goggo tana bakin murhu tana kallonta kamar mai kallon gonarsa ta yi kyau. Da mutane suka ragu ta jawo ta, ta zaɓo tsokar da ta fi kowace a tukunya ta sa mata a baki da hannunta, ta goge mata goshi da gefen mayafi. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya dake ta. Ƙarfe takwas da rabi ta kwance zanin, ta ɗauki jaka ta ruga. Na lissafa a raina tun yaushe aka hura wutar nan, tun yaushe aka turara burabuskon, na gane yarinyar ta yi aikin yini guda kafin Kabiru ya gama shan shayi.

Abin da ya fara zuwa mini a rai irin na 'yan kasuwa ne. Na ga matsalar ƙarancin hannu ce, don haka na nemo mata biyu masu aikatau na tura wa Goggo, na ce ni zan riƙa biyansu, ta huta. Ban ambaci makaranta ba, ban ambaci Fanna ba, na ɗauka za ta gane. Goggo ta yi godiya, ta sa mini albarka, sannan ta sayi tukunya ta uku ta fara kai abinci wajen masu lodin tirela. Fanna kuma ta zama mai lura da matan biyu, don ita kaɗai Goggo ta yarda da ita a kan ciniki. Ban ga laifinta ba. Ni ma in aka ba ni hannu huɗu kyauta, tukunya zan ƙara. Amma wata biyu suka tafi a haka, saura wata biyar jarrabawa.

Duk wannan ban yi maganar da mahaifiyarku ba. Ashe ta daɗe da sani, Kabiru yana gaya mata komai. Shekara goma sha biyu ba ta taɓa buɗe baki a kan Fanna ba, don a ce uwa ta nemi 'yar farinta daga hannun dangin miji, wannan abin gori ne har jikoki. Wata rana bayan magariba na shigo na tarar da Kabiru da Hadiza a kan tebur, ita tana ninke kaya. Ba ta ɗago kai ba ta yi magana, kamar da kayan take yi.

“Teburin nan gefe huɗu gare shi. Yara biyu ne a kai.”

Iyakar abin da ta ce ke nan, a ranar da kuma bayanta.

Na je wajen Baba Goni, aminin mahaifinmu, wanda a lokacin shi ne dattijon da ya rage mana. Ya saurare ni har na gama. Ya ce abin da aka bayar ranar yaye ba a karɓarsa, ni ma na sani. Ya ce amma in har na ƙudurta, to kada in je ni kaɗai, in bari ya warware daga zazzaɓin da yake fama da shi ya raka ni, in zauna a ƙasa, in bar shi ya yi magana, kuma kada in riƙe komai a hannu. Na ce to. Na fito ina ganin tsohon bai san yadda ake neman abu ba. A Singa ba ka zuwa neman abu wajen mutum hannu rabbana. In za ka ɗauke masa wani abu, ka fara nuna masa abin da zai maye gurbinsa. Da wannan na samu duk abin da na samu, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ga shi kwanaki suna tafiya, zazzaɓin Baba Goni kuwa ba shi da ranar tashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sa aka loda kura. Buhun shinkafa biyu, jarkar mai, turamen atamfa uku, da sabon firji a kwalinsa. Tunanina shi ne ta riƙa sayar da ruwan sanyi da zoɓo daga gida, abin da zai rage mata dogaro da tasha. Ni a wajena wannan tausayi ne da hangen nesa. Mai kurar ya riga ni shiga lungun, kuma lungun kun san shi, kura ba ta wucewa sai an ɗage benci. Kafin in iso duk matan maƙwabta sun leƙo, yara sun kewaye firjin suna shafawa. Goggo tana zaune a tsakar gida a kan tabarma tana gyaran kabewa. Duk Kano Alhaji ake ce mini, ita kaɗai take kirana da sunan yanka.

“Modu, biki ake yi?”

“A'a Yaya, ɗan abin cefane ne.”

“Na wata ya zo ranar Talata.”

Na zauna a kan kujerar da aka miƙo mini, wannan ma kuskure ne. Na yi mata bayani dalla-dalla yadda nake yi wa mai saye: abin da malama ta ce, watannin da suka rage, darasin safe, teburin gidana, firjin da abin da zai riƙa kawowa. Na yi magana mai ma'ana, babu inda na yi ƙarya. Ba ta katse ni ba, wuƙarta ba ta tsaya ba. Da na kai aya ta tambaye ni ko na gama, na ce na gama.

“Firjin nan kuɗin hannunta ne ko na ƙafarta?”

Na ce Yaya ba haka nake nufi ba. Ta ce ta san abin da nake nufi, lungu ma duk sun gani. Ta ce ranar da aka kawo mata yarinyar nan tana kukan nono, ba awo aka yi ba. Ta ce da ƙyanda ta kama yarinyar, ita ta kwana bakwai a zaune, ban zo ba, ba ta ga laifina ba don ta san kunya ce. Shekara goma sha biyu ban taɓa tambayarta me yarinyar ta ci ba, ba ta ga laifina ba. Yau wata malama ta yi magana a kasuwa, kunyar ta ware.

“Ni da na goye ka ban sa ka a boko ba. Ka lalace?”

“Ban lalace ba, Yaya. Amma lokacin da na taso mai kai yana cin abinci da kansa. Yanzu ko kai gare ka sai an ga takarda. Kuma ita mace ce, ba za ta yi dakon da na yi ba.”

Wannan kaɗai na faɗa a ranar da har yanzu nake tsaye a kai. Goggo ta ajiye wuƙar, ta ɗauraye hannu, ta ƙwala wa Fanna kira. Ta fito daga madafa hannunta duk toka.

“Haɗa kayanki. Babanki ya zo.”

Ba a taɓa faɗar wannan kalmar a gabana da ita ba. Fanna ta dube ni, ta dubi kurar a ƙofar gida, ta koma ga Goggo.

“Inna, me na yi?”

“Ba ki yi komai ba. Haɗa kayanki.”

Malam Bukar yana daga ɗaki yana cewa a yi haƙuri, a bari a yi magana, babu wanda ya kula shi. Goggo da kanta ta ɗauko akwatin Fanna ta ɗora a kan buhunan shinkafar, ta ce wa mai kura ya juya. Ta ce abin da na ba ta na karɓa, to abin da ba ta roƙa ba kada in bar mata shi. Haka muka fito daga lungun, kura a gaba, Fanna a bayanta, ni a bayan Fanna, mata suna kallo ta kan katanga.

Yanzu ga abin da hakan ya ci. Kayan wata da na aika ranar Talatar da ta biyo, an dawo da su. Na wata mai zuwa ma haka. Matan aikatau biyu ta sallame su a ranar. Ba tare da Fanna ba ciniki ya riƙa zubewa, don Goggo ba ta iya riƙe mutum talatin a ka, kuma leburori ba waliyyai ba ne. Tukunya uku ta koma ɗaya. Baki goma sha ɗaya da suka rage a gidan sun ji a jikinsu, kuma cikin 'ya'yan ƙanin Malam Bukar biyu sun bar makaranta a shekarar. Wannan ba ya cikin labarin da kuke bayarwa, ya kamata ya shiga. Na yi ƙoƙarin aikawa ta hannun Baba Goni, wani lokaci ta karɓa in ya rantse nasa ne, wani lokaci ta gane. Da Malam Bukar ya rasu bayan shekara biyu na je gaisuwa, ta amsa mini yadda ta amsa wa mai sayar da itacen unguwa.

Fanna kuma ba ta zo gidana da murna ba. Wata guda ba ta zauna a kujera ba sai a ƙasa. Kafin kiran sallar asuba takan tashi ta share tsakar gida, ta wanke kwanukan da an riga an wanke, don jikinta bai san kwanciya a wannan lokacin ba. Hajiya take ce wa mahaifiyarku, har yau kuwa. A kan tebur, Hadiza da take aji uku ta fi ta karatu, ta taɓa yi mata dariya sau ɗaya, ba ta sake ba, ita ta san dalili. Malama Saratu ta riƙa zuwa sau uku a mako bayan la'asar, suka koma littafin 'yan aji biyu, yarinya mai shekara goma sha huɗu tana bin baƙi da yatsa. Kabiru yana karanta mata tambaya, ita tana yi masa lissafi, haka suka yi ta musaya. Mahaifiyarku ba ta kallonta, amma kujerarta ta koma kusa da gefen da Fanna take zama, kuma ita take ɓoye tsintsiya da daddare don yarinyar ta samu barci.

Jarrabawa ta zo. Kabiru ya ci da maki mai yawa. Fanna ta haye da ƙyar, lissafi ne ya ja ta. Ta yi shekara shida a sakandare, kullum a tsakiyar aji, ba ta taɓa maimaitawa ba, ba ta kuma taɓa zuwa kusa da na ɗaya ba. Turancin da ya wuce ta a safiyoyin nan na firamare bai dawo duka ba. Na sha zama ina auna su biyun. Uwa ɗaya, uba ɗaya, makaranta ɗaya, yadi ɗaya, kuma duk wanda ya san su ya san ta fi shi kai, shi ma yana faɗa. Shi ya je jami'a a karon farko, ita sai da ta sake zama jarrabawar Turanci sau biyu. Abin da ya raba su ba ya shiga buhu, shi ya sa ban aika da shi ba. Barcin safe ne, da mutum ɗaya a gida da zai ce buɗe jakarka in gani. Goggo ta fi mu son yarinyar nan, wannan ba na shakka, amma ba ta san abin da ke cikin jakar ba, kuma tana da mutum goma sha biyu da za ta ciyar kafin rana ta fito. Ni da na san hanyar makarantar, kunya na riƙe.

Duk Juma'a in an taso daga makaranta Fanna tana zuwa gidan Goggo ta ƙarasa yini. Ban hana ba, Goggo ba ta kore ta ba. Da sakamakon gama sakandare ya fito, ba ni ta kawo wa ba, can ta kai. Na ji wajen Kabiru cewa ya fito, na zauna ina jira.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ana sauke mini fulawa, na hango Goggo tana ratsowa tsakanin kuraye da 'yan dako. Shekara shida da wani abu ba ta tako inda nake ba. Ta rame, tana dogara sanda. Na miƙe na ba ta kujerata, ta ƙi, ta zauna a kan buhu. Na ce a kawo shayi ta ɗaga hannu. Ta kwance bakin zaninta ta fito da takarda a ninke cikin leda.

“Karanta mini. Ita ta karanta, amma daga bakinka nake so in ji.”

Bokona na karanta rubutun jikin kwalin kaya ne da ɗan ajin yamma da na yi da girma, kun sani. Na bi layukan a hankali. Na ce lissafi ta samu mafi girman abin da ake samu. Na ce ta ci wannan, ta ci wancan, darasi shida. Na ce Turanci ta faɗi, sai ta sake. Goggo ta sa na maimaita na lissafin. Ta tambaya ko akwai wanda ya fi ta a nan, na ce babu abin da ya wuce wannan makin. Ta gyaɗa kai, ta ce wannan kam ba a teburina aka koye shi ba. Na ce haka ne.

“Wannan ce ka raba ni da ita a kai?”

“Ita ce, Yaya.”

Ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo, a juye ma ta riƙe ta. Sannan ta ninke ta yadda take, ta mayar cikin leda, ta ɗaure a bakin zani.

“To. Kai ka ɗauki yarinya. Wannan wajena za ta zauna.”

Ta miƙe. Na ce a kai ta gida a mota, ta ce da ƙafa ta zo. Amma kayan watan da na aika ranar Talata ba a dawo da su ba, kuma daga nan in na je gaishe ta tana amsawa, ko da yake ba ta sake kirana Modu ba, Alhaji take cewa kamar kowa.

Da Fanna ta ci Turancin ta samu shiga kwalejin horar da malamai, aka ce sai ta kawo ainihin takardar a gani. Ta je ta roƙa. Goggo ba ta ba ta ba. Mayafinta ta ɗauka da sandarta, ta bi ta har ofishin, ta miƙa wa ma'aikacin da hannunta, ta tsaya a kansa har ya gama dubawa, ta karɓi abarta.